Bagaruwa da Asuwaki: Tarihin Maganin Dasashi a Ƙasar Rano



Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma ita da Kano ake kira sarakunan baba saboda rini. Amma itaciyar da zan ɗauko daga wannan ƙasa yau ba baba ba ce, bagaruwa ce, wadda ke fitowa a fadamun Rano da Kibiya kamar sauran ƙasar Hausa.

Da 'ya'yan bagaruwa majema ke jima. Fatun da Barth ya tarar a kasuwar Kano cikin 1851, waɗanda ake ƙetarawa da su Sahara har Turawa suka ɗauka na Maroko ne, da ita aka jeme su. Abin da ke aikin shi ne baurin nan mai ɗaure baki, wanda masana kimiyya ke kira tanin. Yakan kama naman fata ya tsuke shi, ya hana shi ruɓa. To, tsohuwar da ta ga dasashin jikanta ya kumbura yana jini, ta dafa bagaruwa ta ce ya kurkure baki, aikin majemi ta yi a ƙaramin wuri: naman ya tsuke, jinin ya tsaya. Ba ta san sunan tanin ba, amma ta san bauri. Irin wannan sani ne Dalziel, likitan Turawan mulki, ya bi yana tattarawa, har ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa cikin 1916.

Sauran magungunan baƙi ne. Kanumfari, mai kashe zogin haƙori, asalinsa tsibiran Indunisiya. Darbejiya kuwa, wadda yaran yanzu ke zaton tun kaka da kakanni tana nan, itaciyar Indiya ce, sai cikin 1928 aka fara dasa ta a Barno. Kafin zuwanta, marke na cikin itatuwan da ake yin asuwaki da su.

A nan ne nake so a lura. Cikin 1965 wani likitan haƙori, Harald Löe, ya yi gwaji a ƙasar Denmak. Ya sa mutum 12 masu lafiyayyen baki suka daina goge haƙora. Tsakanin kwana 10 zuwa 21 dasashin kowannensu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kamar mako guda kumburin ya sabe, ba tare da wani magani ba. Watau tushen ciwon shi ne dauɗar da ke taruwa a gindin haƙori, wadda cike take da ƙwayoyin cuta. Bagaruwa tana kwantar da kumburi, amma ba ta kankare dauɗa. Asuwaki ke wannan. A ganina, malamin da ke goga asuwaki duk lokacin alwala, don bin sunna, shi ne ya riƙe babban maganin, ko da yake ba ya kiransa magani. Mu da muka yi boko muka raina itacen, da yawanmu ba mu goga buroshi ko sau biyu a yini.

Akwai kuma inda bagaruwa ba ta isa ba, har dogara da ita kan jawo asarar rai. Ciwon nan da likitoci ke kira noma, mai cinye kunci da leɓe, da kumburin dasashi yake farawa. Yakan kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda abinci bai ishe su ba, musamman bayan ƙyanda. Ruwan bagaruwa zai tsayar da jinin, uwa ta ɗauka sauƙi ya samu, alhali cikin 'yan kwanaki naman ya fara mutuwa. In ba a yi magani ba, kusan 9 cikin 10 sukan rasu. In kuwa an kai yaro asibiti tun bakinsa na wari da jini, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki sun isa. An buɗe asibitin yara masu noma a Sakkwato cikin 1999, amma sai a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ciwon cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci.