Keken 'Yan Koli a Ƙauyukan Koko

Ƙafa ce ta kawo Bahaushe Yawunde. Fatake sukan taso daga Adamawa, su biyo ta Tibati da Yoko, su yada zango a Ngila, su haye kogin Sanaga, suna neman hauren giwa, daga baya kuma roba. Da Jamusawa suka kafa barikinsu a ƙarshen shekarun 1880, kakanninmu sun raɓu da shi don ciniki. An yi ta ɗaga su daga wannan wuri zuwa wancan, har a zamanin Faransawa suka tare a Ekoudou, inda yau kowa ke kira Briqueterie.

Sai dai kurmi ya ƙwace wa ɗan koli babban abokin tafiyarsa. A Kano ko Katsina jaki ne ke ɗaukar haja zuwa kasuwannin ƙauye, amma a nan ƙudan tsando ba ya barin jaki ko doki ya daɗe. Saboda haka shekara da shekaru kan mutum ne ke ɗaukar kaya. Jirgin ƙasa ya iso Yawunde daga Duwala a 1927, ya cika kantunan Turawa da atamfa da gishiri da fitilu. Noman koko kuma ya bazu a ƙasar Eton da Ewondo, kuɗi suka shiga hannun manoma. Ga kaya a birni, ga kuɗi a ƙauye, abin da ya rage shi ne wanda zai haɗa su ta siraran hanyoyin da mota ba ta shiga. Keke ne ya cike wannan gurbi, kuma a ganina ba a ba shi haƙƙinsa a tarihin unguwarmu ba. Kowa ya san Briqueterie da tsire da teloli da shaguna na shadda, amma jarin shaguna da dama a kan kariyar keke aka tara shi.

Mahaifina yana cikin masu wannan sana'a. Kekensa Raleigh ne baƙi, mai birkin ƙarfe, wanda ya shigo ta hannun wani ɗan'uwa daga Nijeriya. Akwai masu hawa Peugeot na Faransa, amma tsofaffinmu sun fi yarda da Raleigh, wai shi ne ke jure nauyi. Daga baya Phoenix na Sin ya zo da arha, ya zama na masu ƙaramin jari. Baba yakan ƙara wa kariya ƙarfe wajen maƙeri, ya ɗaure akwatin katako da yankakkiyar robar taya. A ciki akwai turamen atamfa, zare da allura, madubi, turare, tozali, sabulu, duwatsun tocila. A jakar sirdi kuwa sholisho ne da guntun tif da sifana, don tsakanin Okola da Sa'a in taya ta yi faci kai ne mai facin kanka.

Lokacin cinikinsa shi ne kakar koko, daga wajen Satumba zuwa ƙarshen shekara, wadda rabinta ke faɗawa cikin ruwan sama mai ƙarfi. Wanda bai taɓa tura keke mai kaya a jan taɓon yankin Lekie ba, bai san abin da nake faɗa ba. Laka takan cushe tsakanin taya da madigadi har ƙafar ta ƙi juyawa, sai a sauka a nemi tsinke a ƙwaƙule. Yawunde kanta bisa tuddai take, keken kuma ba shi da giya, don haka a hawa turawa ake yi, a gangara kuwa a damƙe birki a yi ta salati. Obala tana da nisan kusan kilomita 40 daga gari. Mutum ya fita bayan asuba, ya kwana wajen Hausawan can, washegari ya kutsa ƙauyuka.

Cinikin kansa a kan amana ya tsaya. Mata sukan karɓi zane bashi tun koko yana ɗanye, a biya idan an auna buhu. Baba bai iya boko ba, da ajami yake rubuta sunayen masu bashi, kuma yana jin Ewondo har ya yi barkwanci da shi. Wani lokaci da manja ko ayaba ake biyansa, keken ya dawo gida da nauyin da ya fi na fita.

Abin da ya kashe sana'ar ba ɗaya ba ne. Motocin haya sun yawaita, manomi ya gwammace ya zo kasuwar Mokolo ya zaɓa da kansa. Farashin koko ya faɗi a ƙarshen shekarun 1980, aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, bashi ya daina dawowa. Baburan Sin masu arha suka zo suka ƙarasa aikin. A arewacin Kamaru dai keke bai mutu ba: manoman auduga da gero na Garwa da Marwa suna zuwa gona da shi, kuma da hukuma ta hana hawa babur a karkarar yankin Arewa Mai Nisa a 2014 saboda Boko Haram, gare shi mutane suka koma.

A nan kudu keke ya zama abin wasanni. Gasar tseren keke ta Grand Prix Chantal Biya ta fara a 2001, Tour du Cameroun ta biyo a 2003. Ranar Lahadi kuma za ka ga matasa da hular kwano a kan kekuna masu giya da kaurin taya, suna haye dutsen Febe ko suna bin hanyoyin gona ta wajen Okola. Ban raina su ba, hawan ba wasa ba ne ko da giya. Amma hanyoyin nan an bi su da turmi ashirin a baya, kuma waɗanda suka bi su saura kaɗan a Briqueterie. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Yawunde da 'ya'yan unguwa su hanzarta su ɗauki muryoyinsu, su kuma nemi littattafan bashin nan na ajami, don sunayen ƙauyuka da farashin kaya na wancan zamani suna ciki.