Samanja da Habaici a Zamanin Mulkin Soja

Bahaushe ya bambanta zambo da habaici. Zambo kan kama suna, shi kuwa habaici sai wanda ya tsargu. Wannan bambanci ya yi rana a zamanin mulkin soja a Nijeriya, lokacin da kama suna kan kai mutum gidan yari. Alal misali, a 1984 an ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian a ƙarƙashin Doka ta Huɗu.

Tun daga shekarun 1970 wasan Samanja Mazan Fama ya bi hanyar habaici a rediyo da talabijin na Kaduna. Usman Baba Pategi, wanda shi kansa soja ne, ya fito a matsayin samanja mai tsawa da cika baki, yana cakuɗa barikanci da gurɓataccen Turanci. Ta haka farar hula suka sami kafar yi wa kaki dariya a fili, su ma sojojin suna kallo suna darawa.

Pategi ya rasu a 2023. Ga ɗalibin harshe, wasansa taska ce ta nazarin barikanci da salon habaici.