Adalcin rabo a manyan tsarukan kwamfuta: daga turken rezo a Bazaga zuwa injinan Google

Duk mai waya a ƙauyukan Bazaga, ko a kan hanyar Ƙonni zuwa Malbaza, ya san rezo ba ya zo wa kowa daidai. Mutum biyu masu layin kamfani ɗaya, Airtel ko Moov ko Zamani, sun biya sefa ɗaya, wannan yana kallon bidiyo ba yankewa, wancan saƙon muryarsa na WhatsApp ya ƙi fita. Akan ce rezo ne ba kyau, a wuce wurin. Nisa da cunkoso suna da hannu, babu musu. Amma a cikin na'urar turken akwai manhaja mai rabo, wadda a tsarin 4G take yanke hukunci sau dubu a kowace daƙiƙa kan wayoyin da za a ba damar aikawa ko karɓa. Mutane ne suka rubuta ƙa'idar wannan hukunci, kuma da suka rubuta ta sun ɗauki ma'ana ɗaya ta adalci, suka ajiye sauran. Abin da nake son nunawa shi ne lissafi yana iya tabbatar da rabon da aka riga aka zaɓa, amma zaɓen kansa hukuncin mutane ne, don haka abin tuhuma ne.

Hanyoyi uku ne a gaban mai rabon. Yana iya ba wayar da siginarta ta fi ƙarfi a kowane lokaci. Jimillar abin da turken ke fitarwa za ta kai ƙololuwa, na nesa kuma ya tashi a tutar babu. Yana iya dagewa sai kowa ya sami megabayit daidai da na ɗan'uwansa. To wayar da ke can gefe, wadda take buƙatar lokaci mai tsawo kafin ta karɓi abu kaɗan, za ta cinye lokacin kowa. Masu ƙera na'urorin sun fi karkata ga hanya ta uku, wadda ginshiƙin lissafinta yake a aikin Frank Kelly na Jami'ar Kambirij a 1997: a duba abin da waya za ta iya karɓa yanzu, a gwada shi da matsakaicin abin da ta samu a baya, a ba wadda nata ya fi rinjaye. Sakamakon shi ne kowa yana samun lokaci kusan ɗaya, amma abin da lokacin ke kawowa ya bambanta ƙwarai tsakanin na gindin turke da na bakin iyaka.

Manoman rani na Ƙonni sun san wannan matsala tun kafin waya ta zo. Ruwan da ake tarawa a madatsun Mozage da Zongo a kwarin Majiya yana bin doguwar hanya zuwa tafkin Cerasa kafin a raba shi ga fili mai kadada 2,452, filin da aka sake gyarawa a ƙarƙashin yarjejeniyar da Nijar ta sa wa hannu da hukumar MCC ta Amurka a 2016. A duk inda ake ban ruwa bi da bi, awa ɗaya a bakin magudana ba ta kawo ruwan da awa ɗaya ke kawowa a wutsiyarta, domin ƙasa ta sha, rana ta ɗauka, na gaba ya tare. Mai kula da rabo yana iya rantsuwa cewa ya ba kowa lokacinsa cif, kuma bai yi ƙarya ba, albasar na ƙarshe kuwa ta bushe.

A manyan ɗakunan kwamfuta, inda saƙon nan na WhatsApp yake sauka bayan ya bar turke, lamarin ya fi haka rikitarwa, saboda abin rabon ba ɗaya ba ne. Kowane aiki yana buƙatar ƙwaƙwalwar sarrafawa, da ma'ajiyar wucin gadi, da hanyar sadarwa, kuma kowanne da gwargwadon da yake so. A 2011 Ali Ghodsi da Matei Zaharia da Scott Shenker da Ion Stoica da abokan aikinsu a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli suka fitar da ƙa'idar da aka sani da DRF, wadda tsarin rabon injina na Mesos ya yi aiki da ita. Ƙa'idar ta ce a duba abin da kowane mai aiki ya fi ci, a daidaita su a kan wannan kaso. Misalinsu yana da sauƙi. Akwai ƙwaƙwalwa 9 da ma'ajiya gigabayit 18. Kowane aiki na mutum na farko yana cin ƙwaƙwalwa 1 da gigabayit 4. Na mutum na biyu yana cin ƙwaƙwalwa 3 da gigabayit 1. Sai a ba na farko ayyuka 3, ya riƙe gigabayit 12, a ba na biyu ayyuka 2, ya riƙe ƙwaƙwalwa 6. Kowannensu ya sami kashi biyu cikin uku na abin da ya fi damunsa.

A ganina abin da ya fi daraja a aikin nasu shi ne sharaɗin da suka gindaya cewa kada ƙarya ta amfani mai yin ta. Sun ba da labarin wani babban kamfanin bincike a intanet da ya ce sai wanda injinansa ke aiki ba hutu za a ware wa injina na kansa. Nan da nan ma'aikata suka cusa wa manhajojinsu umarnin da ke juyawa a wuri ɗaya ba amfani, don kawai injin ya bayyana kamar yana shan aiki. Injiniyoyi ne masu albashi mai tsoka, amma da ƙa'ida ta bar ƙofa sun shige. A ƙarƙashin DRF, wanda ya kumbura buƙatarsa ba ya ƙaruwa da aiki ko ɗaya, sau da yawa ma raguwa yake yi. Wannan nasara ce ta gaske, kuma lissafi ne ya kawo ta.

Sai dai misalin ya ɗauka cewa mutanen biyu darajarsu ɗaya, alhali a aikace da wuya a bar su haka. Ita kanta DRF tana da sigar da ake ba kowa nauyi, wannan biyu wancan ɗaya. Bayanin da Google ya wallafa a 2015 kan tsarinsa na Borg, mai tafiyar da rukunonin da matsakaicinsu ya kai injina kusan 10,000, ya nuna ayyuka hawa-hawa ne: na hidimar jama'a kai tsaye suna sama, suna da ikon korar na ƙasa daga kan injin idan wuri ya ƙure, kuma kason da kowane sashe ke da shi saye ake yi. Ban ga laifi a fifikon kansa ba. A turken rezo ma ana gabatar da kiran murya a kan bidiyo, kuma mai kiran motar asibiti daga ƙauye ya cancanci haka. Damuwata ita ce wanda ya sa nauyin ba ya bayyana, kuma da zarar nauyin ya shiga manhaja sai a riƙa kallon sakamakonsa kamar ƙaddara.

Za a ce mai saye a Bazaga ba ruwansa da wannan, abin da yake so kawai a ƙara turaku. Ƙarin turke yana rage nisa, wannan haka yake, amma kowane turke yana da bakin iyakarsa, kuma wani zai zauna a can. Shi ya sa ma'auni yake da muhimmanci. Matsakaicin gudun intanet na gari yana iya hawa alhali na gefe yana nan inda yake, domin na kusa ne ke jan lissafin sama. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta gane haka: a sharuɗɗan 5G da ta fitar a 2017, bayan matsakaici ta sa ma'auni na dabam ga kashi 5 cikin 100 na masu amfani da suka fi shan wahala. Hukumar ARCEP ta Nijar, wadda ke bin diddigin ingancin hidimar kamfanonin waya, tana iya neman wannan adadi daga kowane kamfani, gunduma bayan gunduma, ta wallafa na Ƙonni da Malbaza da Illela kusa da na Yamai.