Wasan Kan Titi da Yaƙi da Cin Zalin Sababbin Ɗalibai: Waiwaye a kan Tarihin Indiya

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin ƙasar Indiya ta hanyar gidajen silima, inda ya saba ganin soyayya da rawa da waƙa. Amma akwai wani nau'in wasan kwaikwayo na wannan ƙasa wanda bai iso gare mu ba, domin ba a yankar tikiti kafin a kalle shi, ba a kuma gina masa dandamali. Shi ne wasan kan titi, wanda a harshen Hindi ake kira nukkad natak, wato wasan kusurwar hanya. Wannan maƙala za ta bi diddigin wasan tun daga tushensa, sa'an nan ta nuna yadda ɗaliban jami'o'i suka mai da shi makamin yaƙi da al'adar gallaza wa sababbin ɗalibai, wadda a can ake kira "ragin". Waiwaye dai adon tafiya ne, balle ga mu da wannan matsala ba baƙuwa ba ce a makarantunmu.

2.0 Tushen Wasan

A shekarar 1943, lokacin da yunwa ta halaka sama da mutum miliyan 2 a yankin Bengal, aka kafa Ƙungiyar Wasan Kwaikwayon Jama'ar Indiya a birnin Bombay. 'Yan wannan ƙungiya sun fitar da wasa daga manyan zauruka, suka kai shi ƙauyuka da unguwannin ma'aikata, suna nuna wa jama'a halin da manoman Bengal ke ciki a ƙarƙashin mulkin Ingila.

Bayan shekara 30, wato a 1973, wasu matasa a Delhi suka kafa ƙungiyar Jana Natya Manch. Fitacce a cikinsu shi ne Safdar Hashmi. Bayan ɗage dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977, ƙungiyoyin ƙwadago da ke ɗaukar nauyin manyan wasanninsu sun talauce, sai suka koma ga gajeren wasa wanda mutane kaɗan za su iya yi a ƙofar masana'anta. A 1978 suka fito da Machine, a 1979 kuma Aurat, wanda ya duba ƙuncin rayuwar mace.

Ranar 1 ga Janairu, 1989, suna tsakiyar wasan Halla Bol a Jhandapur, kusa da Delhi, sai 'yan bangar siyasa suka far musu. Hashmi ya rasu kashegari yana da shekara 34. Ranar 4 ga wata, matarsa Moloyashree ta jagoranci 'yan wasan suka koma daidai wurin da aka zubar da jinin, suka ƙarasa wasan. Tun daga lokacin ake tunawa da ranar haihuwarsa, 12 ga Afrilu, a matsayin ranar wasan kan titi. Ɗaliban kwalejoji, musamman na Jami'ar Delhi, sun rungumi wannan gado, har ya zama abu ne sananne kwaleji ta mallaki ƙungiyar wasan kan titi tata.

3.0 Cutar da Aka Kira Al'ada

Manyan ɗalibai kan fake da cewa "ragin" hanya ce ta sabo da baƙi. A aikace kuwa, akan tilasta wa sabon ɗalibi ya yi waƙa ko rawa, ya yi wa babba wanki da aike, wani lokaci a tuɓe shi, a zage shi, a doke shi a ɗakin kwana cikin dare. Wanda aka yi wa bana, shi zai yi wa wani baɗi, da haka abin ke gadon kansa.

A watan Nuwamba na 1996 wani babban ɗalibi ya kashe Pon Navarasu, ɗan ajin farko a kwalejin likitanci ta Jami'ar Annamalai. Jihar Tamil Nadu ta kafa dokar haramta al'adar a 1997, wasu jihohi suka bi sahu. Kotun Ƙoli ta ba da umarnin hana ta a 2001, kuma kwamitin da R. K. Raghavan ya shugabanta ya miƙa rahotonsa a 2007. Duk da haka, a watan Maris na 2009, Aman Kachroo, mai shekara 19, ya rasu bayan dukan da manyan ɗalibai 4 suka yi masa a kwalejin likitanci ta Tanda da ke jihar Himachal Pradesh. A wannan shekara Hukumar Kula da Jami'o'i ta fito da ƙa'idoji: ɗalibi da mahaifinsa su sa hannu a takardar alkawari, kowace makaranta ta kafa kwamitin sa ido, aka kuma buɗe lambar wayar kai ƙara kyauta dare da rana.

Sai dai wani bincike da aka kammala a 2015 bisa umarnin Kotun Ƙoli, wanda ya tuntuɓi ɗalibai sama da 10,000 a makarantu 37, ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 sun fuskanci gallazawa, kuma mafi yawansu ba su kai ƙara ba. Doka tana jiran mai ƙara, mai ƙara kuwa yana kwana ɗaki ɗaya da wanda zai ƙara.

4.0 Inda Wasa Ya Shigo

Wannan shiru shi ne abin da ɗalibai 'yan wasa suka sa a gaba. Sukan fito da riguna iri ɗaya, su buga ƙaramar ganga a bakin ɗakin cin abinci ko ƙofar makaranta, su yi da'ira, jama'a su kewaye su. Cikin 'yan mintoci kaɗan sai abin da ake yi a ɓoye cikin dare ya bayyana tsakar rana. Fa'idar wannan tsari ta kasu uku. Da farko, mai cin zalin yana cikin 'yan kallo, yana ganin kamanninsa ba tare da an ambaci sunansa ba. Na biyu, sabon ɗalibi yakan gane cewa abin da aka ce masa al'ada ce laifi ne mai hukunci, sau da yawa kuma akan sanar da lambar kai ƙara kafin a watse. Na uku, 'yan ganin ido, waɗanda su ne mafi yawa, sukan ga matsayinsu a cikin labarin, domin da'irar 'yan kallo ita ce dai da'irar da ke tsayawa tana kallo yayin da ake dukan yaro.

Daga 2023 hukuma ta ware ranar 12 ga Agusta da makon da ke biye da ita domin wannan gangami, wasan kan titi kuma yana cikin abubuwan da makarantu ke shiryawa. To amma a nan akwai abin lura. Kwana biyu kafin ranar ta farko, wani ɗan ajin farko mai shekara 17 ya rasu a Jami'ar Jadavpur da ke Kolkata, bayan ya faɗo daga benen ɗakin kwanan ɗalibai, aka kuma kama ɗalibai da tsofaffin ɗalibai bisa zargin gallaza masa. Wasan Hashmi daga ƙasa ya taso, yana tuhumar masu iko. Idan hukumar makaranta ce ta ba da umarnin wasa, ta tsara lokacinsa, ta raba kyaututtuka, da wuya wasan ya tambayi inda mai kula da ɗakin kwana yake a daren da aka yi ɓarna.

5.0 Kammalawa

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ya yi makarantar kwana a Nijeriya ya san hukuncin siniya a kan jiniya, kuma ƙungiyoyin asiri na jami'o'i da azabtarwa suke shigar da sababbin 'ya'yansu. Ba a manta da asubahin 10 ga Yuli, 1999 ba, lokacin da 'yan ƙungiyar asiri suka kashe ɗalibai 5 a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife.

Kayan aikin kuwa muna da su. Tashen watan azumi wasan kan titi ne da ke yi wa mai mugun hali ba'a a gaban jama'a, kuma tun daga tsakiyar shekarun 1970 ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suke kai wasa cikin Samaru da ƙauyukan Zariya. Abin da tarihin Indiya ya ƙara mana shi ne sharuɗɗa: ɗalibai su tsara wasan da kansu daga abin da suka gani, a yi shi a makon farko na zangon karatu a bakin ɗakunan kwana, a bar 'yan kallo su tofa albarkacin bakinsu, sa'an nan a tabbata akwai ofishin da zai saurari yaron da wasan ya ba ƙarfin halin yin magana, ya kuma kare shi a daren da ya biyo baya.