Bin Sawun Tauraruwa Mai Wutsiya a Kudancin Kano

Ƙagaggen labarin kimiyya, wato labarin da marubuci ke ginawa a kan binciken sararin samaniya da na'urorin zamani, ya samu gurbi a adabin Hausa a shekarar 1969, lokacin da kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga littafin Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya, a daidai shekarar da Amurka ta sauke mutum a duniyar wata. Littafin ya ba da labarin wani yaro, Kilba, wanda wata halittar samaniya mai suna Kolin Koliyo ta ɗauke shi zuwa yawon buɗe ido a sama.

Da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya ya soma a 1976, makarantu sun yawaita har a ƙauyukan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa da ke kudancin Kano, kuma littafin karatu guda kan zagaya hannuwa da yawa har bangonsa ya yage, sunan marubucin ya tafi da shi. Wannan ne dalilin da ya sa mai karatu kan riƙe labari ya manta sunan littafi, musamman bayan da littattafan soyayya na kasuwar Kano suka mamaye rumfuna daga tsakiyar shekarun 1980.

Mai neman irin wannan littafi a yau yakan fara da tsofaffin malaman Hausa da masu sayar da tsofaffin littattafai a Kano, sannan ya nufi ɗakunan karatu na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello. Sake buga waɗannan littattafai wajibi ne, domin yaran yau su san cewa Hausa ta daɗe da hango samaniya.