Shin Talauci Uzuri Ne Ga Mai Sata? Dalilan Aikata Laifi A Mahangar Shari'a

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Ka sani, ya ɗan'uwa, ki sani, ya 'yar'uwa, dukiyar Musulmi haramun ce a kan ɗan'uwansa, kuma talauci shi kaɗai ba ya halatta ta. Duk da haka Shari'a ba ta hukunta mai laifi sai ta binciki abin da ya jefa shi ciki, domin wani lokaci alhakin yana hawa kan wasu tare da shi.

Dubi abin da Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa, a littafin hukunce-hukunce. Wasu bayin Haɗibu, sahabin Manzon Allah (S.A.W), sun saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka soke ta. Aka kai ƙara wurin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya umarci Kasiru bin Salti ya yanke hannayensu. Sannan ya juya ga maigidansu ya tuhume shi da barinsu da yunwa, ya rantse sai ya ci shi tara mai nauyi. Mai taguwa ya ce ko a dirhami 400 ba ya sayar da ita, sai Umar ya sa maigidan ya biya 800. Imamu Malik ya bayyana cewa ba a aiki da ninka kuɗin a Madina, ƙimar dabbar kawai ake biya. Amma darasin yana nan: wanda ya haddasa yunwar shi ma an kama shi da laifi.

Daga nassosi za ka iya fitar da manyan dalilai guda 5.

Na farko, yunwa da matsananciyar buƙata. A shekara ta 18 bayan hijira fari ya afka wa Hijaz, shekarar da ake kira Amur Ramada, wato shekarar toka. Malamai sun ambaci cewa Umar bai zartar da haddin sata ba a kan wanda yunwa ta tilasta wa, kuma Ibnul Ƙayyim ya yi bayanin hakan a cikin I'ilamul Muwaƙƙi'ina. Hujjar ita ce larura shubuha ce, shubuha kuwa tana kawar da haddi. Umar bai tsaya nan ba: ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, ya ciyar da waɗanda suka kwararo Madina. Ka lura kuma yadda Allah Ya gwama ciyarwa daga yunwa da amintarwa daga tsoro a aya ta 4 ta Suratu Ƙuraish.

Na biyu, bashi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi (S.A.W) yana yawan neman tsari daga bashi. Da aka tambaye shi dalili, ya bayyana cewa wanda bashi ya yi wa katutu yakan yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Daga nan damfara da cin amana suke farawa.

Na uku, danne haƙƙin ma'aikaci. A hadisin Bukhari, cikin mutum 3 da Allah zai yi husuma da su ranar Alƙiyama akwai wanda ya sa ɗan ƙwadago aiki, ya cika masa aikin, shi kuwa ya hana shi ladansa. Yaron shagon da ake riƙe wa kuɗinsa wata da watanni, da 'yar aikin da ke dafa abinci ta kwana da yunwa, halinsu ɗaya da bayin Haɗibu.

Na huɗu, rashin adalci a hukunci. Lokacin da wata mata 'yar Banu Makhzum ta yi sata, Usama bin Zaid ya nema mata sassauci, sai Annabi (S.A.W) ya yi fushi, ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen da suka gabata shi ne ƙyale babba idan ya yi sata da tsayar da haddi a kan mai rauni. Matashin da ya ga wanda ya wawure dukiyar jama'a ana girmama shi a masallaci da wurin biki, da wuya ya ji nauyin yankan aljihu.

Na biyar, mugun aboki da lalatacciyar unguwa. Mutumin da ya kashe rai 100 ya nemi tuba, malamin da ya tambaya ya umarce shi ya bar garinsu domin mugun gari ne, ya koma inda ake bauta wa Allah. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yaron da aka sake ba karatu ba sana'a, majalisar 'yan shaye-shaye ce za ta yi masa tarbiyya.

Sai dai kada ka ɗauki wannan bayani a matsayin izini. Larurar da Shari'a ta yi la'akari da ita ita ce ta wanda ke tsoron halaka, ya nema bai samu ba, kuma gwargwadon abin da zai tsayar da ransa. Fashi da makami, da garkuwa da mutane, da kore garken shanu ba su shiga ciki ba. Hukuncinsu na hiraba ne, a aya ta 33 ta Suratul Ma'ida. Talakawa da yawa sun kwana da yunwa ba su taɓa kayan kowa ba, masu wadata da yawa kuma sun yi sata saboda haɗama. Haka nan tsayar da hukunci aikin alƙali ne, bayan an tabbatar da sharuɗɗa kamar nisabi, wato rubu'in dinari ko dirhami 3, da cewa an ɗauke kayan daga ma'ajiyarsu. Taruwa a lakaɗa wa wanda ake zargi duka har ya mutu kisan kai ne.

To, me ya rage a kanka? Ka fitar da zakkarka, kashi 2.5 cikin 100 na kuɗi da kayan ciniki idan sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo, ka kai ta ga mutanen nan kashi 8 da ke aya ta 60 ta Suratut Tauba, cikinsu har da waɗanda bashi ya danne. Ka biya mai yi maka aiki a kan lokaci. Ka jinkirta wa wanda kake bi idan yana cikin ƙunci. Ke uwa, ki san abokan ɗanki da inda yake yini, ki kuma tambaye shi asalin abin da ya shigo da shi gida. Wanda ya gama zaman gidan yari ya tuba, a kama masa da jari ko a koya masa sana'a. Ya zo a cikin Bukhari da Muslim cewa wani ya ba da sadaka da dare, ta faɗa hannun ɓarawo, ya damu, sai aka sanar da shi cewa mai yiwuwa ɓarawon ya kame daga satarsa saboda ita.

Allah Ya wadata mu da halal, Ya tsare mu daga haram. Allah ne Mafi sani.