Daga Dainamo Zuwa Batirin Caji: Yadda Fitilar Keke Ta Ɓace Ta Kuma Dawo a Kudancin Kano

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kekunan da suka yi shekaru a jingine cikin zaure suka fara fitowa. Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Manomin Kiru ko Tudun Wada da ya saba tayar da babur zuwa gona sai ga shi wajen mai faci ana sake masa taya da birki. Sai dai yawancin kekunan nan sun dawo babu fitila. Duk direban da ke bin hanyar Kano zuwa Jos bayan magariba, ya karya ta Kwanar Dangora ya ratsa Tudun Wada ya nufi dajin Falgore, ya san yadda mai keke ke ɓullowa kwatsam a bakin kwalta da buhu a kariya, ba haske gaba ba haske baya. Direbobi na cewa a hana hawan keke da dare. Masu keke na cewa su ma hanyarsu ce, kuma kasuwa ba ta tashi sai rana ta faɗi. Kafin a raba wannan gardama ya kamata a san cewa keken Bahaushe ya taɓa zama da fitilarsa, har doka ta tsaya a kai.

Keke ya biyo bayan jirgin ƙasa ne, wanda layinsa ya iso Kano a 1911. Cinikin gyaɗa ya sa kuɗi a hannun talaka, kantunan Turawa suka kawo hajar da za ta karɓe kuɗin, keke kuma yana sahun gaba. Raleigh na birnin Nottingham a Ingila shi ya zama sarkin kekuna, har daga baya kamfanin ya kafa masana'antar harhaɗa su a nan Kano. Malamin makaranta, malamin gona, malamin haraji, mai kai saƙon hakimi, duk a kan dokin ƙarfe suke. A Turai fitilar keke ta faro da kyandir da mai, sannan a ƙarshen ƙarni na 19 aka samu mai aiki da iskar gas da ke tashi idan ruwa ya ɗiga kan dutsen kabaid. A wajenmu irin wannan fitila ta fi zama a goshin maharba. Wadda ta kama keke sosai ita ce ta dainamo.

Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin dainamo ba. Wani ɗan ƙarfe ne mai siffar kwalba da ake ɗaurewa a jikin keke kusa da taya, a kansa akwai ɗan gare mai zarto-zarto. In dare ya yi sai mai keke ya danna shi ya jingina da gefen taya. Taya na juyawa, garen na juya maganaɗisu a cikin naɗin wayar tagulla, wuta ta taso, bolt 6 wat 3, ta bi siririyar waya zuwa babbar fitila a gaba da 'yar ja a baya. Yana tafe yana wani kuka siriri, kuma feda tana ƙara nauyi kaɗan. Ba batir, ba kananzir, ƙarfin cinyar mai keke shi ne man. Har yau ina ganin ba a ƙirƙiro wa talaka abin da ya fi wannan dacewa da aljihunsa ba.

Kuma ba don ado kawai ake saka shi ba. Dattawan da suka ga zamanin En'e suna tuna lasin keke, ɗan farantin da ake biya wa kuɗi duk shekara a maƙala a jikin keken, suna kuma tuna cewa ɗan doka na iya tare mutum don kawai ya hau keke da dare babu fitila. Wanda tasa ta mutu sai ya sauka ya tura. Da aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Najeriya a ƙarshen shekarun 1960, sa ido a kan irin waɗannan ƙananan dokoki ya fara sanyi, musamman a karkara.

Dainamo kuwa yana da lahaninsa, kuma ƙasar kudancin Kano ta fi kowace tona masa asiri. Nan ne ruwan sama ya fi yawa a jihar. Da damina, in taya ta kwashi laka, garen sai ya riƙa sulɓewa, hasken ya riƙa ƙyaftawa. A hawan duwatsun Doguwa, inda dole a yi tafiya a hankali, hasken ba ya wuce na garwashi. A gangara kuma gudu ya yi yawa ƙwan ya ƙone. Mafi muni, da mutum ya tsaya wuta ta ɗauke, alhali a lokacin ne ya fi bukatar mota ta gan shi. Da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, naira ta karye, kayan gyara na waje suka yi tsada. Kekunan Phoenix na Shanghai da Hero na Indiya suka ci kasuwar Raleigh saboda sauƙi, mai saye kuma ya fara ɗaukar fitila a matsayin ƙarin kashe kuɗi. Wanda dainamonsa ya lalace bai sake saye ba.

Gurbin sai tocila ta cike shi, ta ƙarfen nan mai cin manyan batura biyu ko uku. A yanko tsohon tif a ɗaure ta a kan keke, ko mutum ya riƙe da hannu ɗaya yana tuƙi da ɗaya, wani ma ya danne ta tsakanin wuya da kafaɗa. Batirin Berec ya yi zamaninsa, Tiger Head na Guangzhou ya gaje shi. In batir ya yi sanyi a shanya shi a rana ko a ɗan bubbuga shi don a tatsi ragowar. Ƙwan tocila na wancan lokaci yawancin wutar da yake ci zafi take zama, haske ɗan kaɗan, shi ya sa batir ba ya daɗewa. Da baburan China masu arha suka cika ƙauyuka a farkon shekarun 2000, aka bar wa yara da tsofaffi keke, maganar fitilarsa ta mutu.

To me ya dawo da ita? Domin ta fara dawowa, duk da ba ta game ko'ina ba: za ka ga matashi da farin haske mai ƙarfi a gaban kekensa, wani na kanti, wani haɗin gida. Amsar da aka fi bayarwa ita ce tsadar mai. Ban yarda ba. Tsadar mai ta dawo da keke ne kawai, da ita ce ta kawo fitila da ba a ga wannan cincirindon masu tafiya a duhu ba. Wasu na cewa tsoro ne. Gaskiya ne dajin Falgore, wanda aka keɓe tun zamanin En'e da sunan Kogin Kano, ya yi ƙaurin suna da 'yan fashi da ɓarayin shanu, musamman wajen 2015, har daga baya sojoji suka kafa wurin atisaye a ciki. Amma duk wanda ya zauna a yankin ya san mai tsoron ɓarawo kashe fitila yake yi, ba ya kunna ta. Masu cewa arhar kayan China ce sun fi kusa da gaskiya, sai dai fitila mai caji ba ta da amfani a garin da ba inda za a yi cajin.

A ganina wayar hannu ce ta yi wannan aiki. A watan Agustan 2001 kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a Najeriya. A 2003 Nokia ta fito da ƙirar 1100 mai 'yar tocila a ka, kuma mutanen karkara da yawa a jikin irin wannan waya suka fara riƙe hasken da ba a saya masa batir. Waya dole a yi mata caji, wutar NEPA kuwa ko a birni ba ta zama, balle ƙauyen da ko turke ba a kafa ba. Sai sabuwar sana'a ta tsiro: mai caji, da ɗan janareto da allon katako cike da soket, yana rubuta lamba a jikin kowace waya. Bayansa mai gyaran waya ya zo, yawanci yaron mai gyaran rediyo ne da ya je Kano ya ƙaro sani a kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut. Kafin a yi shekara goma, kusan duk garin da ke cin kasuwar mako ya samu wurin caji da mutumin da ya iya riƙe ƙarfen dalma. Daga baya farantin sola ya fara maye gurbin janareto. Waɗannan biyu, wurin caji da mai dalma, su ne abin da fitilar keke ta rasa tun mutuwar dainamo.

Kayan aikin kuwa daga nesa suka taho. Kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da batirin litiyam mai caji a 1991, sakamakon binciken da ya kai John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino ga kyautar Nobel a 2019. A farkon shekarun 1990 wasu 'yan Japan uku, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar da ƙwan LED mai shuɗin haske, wanda daga shi aka samu farin, su ma suka karɓi Nobel a 2014. Ƙwan LED yana ba da hasken da ya ninka na tsohon ƙwai da 'yar wuta kaɗan. Mutanenmu ba su jira kamfani ba. Tun tsakiyar shekarun 2000 aka ga fitilar nan ta haɗin gida a kan teburin masu shayi da masu tsire: ɗan akwatin katako mai batura, da tsohon faifan CD da aka huhhuda aka jera ƙananan ƙwayaye a kai, ƙyallin faifan na watsa hasken. Ita ce kakar fitilar keken da matasa ke haɗawa yau.

Ga yadda ake yin ta. A samo mataccen batirin kwamfutar tafi-da-gidanka daga wajen 'yan gwangwan a fasa, a ciki akwai ƙananan batura, galibi shida, kowanne faɗinsa milimita 18 tsawonsa 65. Sau da yawa ɗaya ko biyu ne suka mutu suka jawo wa sauran. Mai gyara zai ɗora mita a kan kowanne: wanda ya nuna kusa da bolt 3.7 yana da rai, wanda ya faɗi ƙasa sosai a ware shi. Sai ya ciro kan tsohuwar tocila, ya narka dalma ya haɗa waya da makunni, ya zura batura biyu cikin guntun bututun roba na ruwa, ya toshe bakin, ya naɗe da salatif, ya ɗaure a kan keke da tsumman tif kamar yadda ubansa ya ɗaure tocila. Ita dalmar da yake narkawa, rabinta ko fiye kuza ce, irin wadda kakannin mutanen Riruwai a Doguwa suka haƙa suka narka tun kafin zuwan Turawa.

A watan Oktoban 2024, da manyan layukan wutar da ke ciyar da Arewa suka lalace aka shafe fiye da mako cikin duhu, mutanen birni suka yi layi a wuraren caji. Ƙauye bai ji wani sabon abu ba, domin da sola ya saba. Abin da ke ci min rai shi ne, madatsar Tiga tana Bebeji tun 1974, gwamnatin jiha ta gina tashar lantarki mai megawat 10 a jikinta, amma an tsara wutar ne don matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan birni. Ɗan Bebeji da ke dawowa daga gonar rani har yanzu sai ya biya mai caji kafin ya ga hanyar gidansu.

Bayan fitila, wayar ta kuma kawo wa mai keke na'urar nuna hanya, sai dai labarinta gajere ne a nan. Sojojin Amurka ne suka ƙirƙiri tsarin GPS, suka harba tauraronsa na farko a 1978, a watan Mayun 2000 kuma Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina rage wa farar hula daidaitonsa. Masu tseren keke a Turai suna ɗora ƙananan na'urorin Garmin a kan kekunansu, wasunsu sun fi keken manomi tsada. Namu matashin wayarsa yake ɗaurewa da roba ya buɗe Google Maps. Tana nuna kwalta, tana nuna Tiga da Doguwa, amma burtali da 'yar hanyar da ke ratsa gonakin shinkafa zuwa ruga yawanci ba sa ciki, cikin daji kuma akwai inda sabis ke ɗaukewa, sai wanda ya sauke taswirar tun yana gari. Kuka da tsauni da tambayar mutanen hanya har yanzu su ne jagora, ban kuma ga laifin hakan ba.

Abin da ke bukatar gyara da gaggawa biyu ne. Batirin litiyam ba ya jure wuce gona da iri: in aka caja shi kai tsaye ya wuce bolt 4.2, ko aka huda shi, ko wayoyinsa suka haɗu, yana iya kamawa da wuta, a ɗakin da wataƙila akwai amfanin gona da yara a kwance. Akwai ɗan allon kariya da ke yanke caji in batir ya cika, ana samunsa a kasuwar kayan waya da kuɗi kaɗan, amma masu haɗin gida da dama suna tsallake shi. Sannan kusan duk mai fitila ta gaba kawai yake sakawa, alhali motar da ke kashe mai keke ta baya take zuwa. Dainamo da jar fitilarsa yake tafe, mu muka yar da ita.

Kwalejin Fasaha ta Gwamnati da ke Bagauda tana nan a Bebeji. Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su haɗa kai da ita a tara masu gyaran waya da masu gyaran keke a koya musu saka allon kariya da jar fitilar baya, a kuma ware wa masu caji inda za a riƙa tara matattun batura maimakon zubar da su a kwata ruwa ya kai su Tiga. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, in za ta shiga tasha da kasuwa wayar da kai a Ranar Keke ta Duniya, 3 ga Yuni, ta zo da jajayen fitilu ta raba kafin ta fara maganar kamu.